Yadda ake aika saƙon da ke goge kansa: jagora ga mai waya a Yamai

A bazarar bara allon wayata ya fashe, na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni benci a ƙarƙashin rumfa, ya cire fasasshen allon ya sa sabo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce: "Malam, buɗe mini in gwada ko yana jin taɓi." Na buɗe na mayar masa. Yana jan yatsa sama da ƙasa sai WhatsApp ta buɗe a kan hirata da ƙanena da ke ci-rani a Abijan, ga hoton katin ɗan ƙasa na mahaifiyarmu, ga lambar karɓar kuɗin da ya turo mata Tawa, ga kuma saƙon murya a kan wata rashin jituwa ta cikin gida wadda ko maƙwabta ba su sani ba. Yaron bai tsaya karantawa ba, ya rufe ya ci gaba da aikinsa. Amma ni a wannan benci na gane cewa shekara biyar na sirrin gidanmu suna kwance a cikin abin da nake mantawa a kan tabarmar fada, nake ba yara su kalli bidiyo, nake sakawa a aljihun baya in hau kabu-kabu. Yawancin waɗannan saƙonni amfaninsu ya ƙare tun ranar da aka aiko su.

Saƙon da ke goge kansa an yi shi ne domin irin wannan. Kana sa masa wa'adi, idan wa'adin ya cika sai ya ɓace daga wayarka da ta wanda ka aika wa, ba tare da wani ya tuna ya share ba. Kafin a shiga matakai, akwai abin da ya wajaba a fahimta, domin a kansa komai ya dogara: wannan tsari yana kare ka daga wanda wayar za ta faɗa hannunsa daga baya, wato ɓarawo, ko mai gyara, ko wanda ya sayi wayar kwance, ko ɗan uwa mai leƙe. Ba ya kare ka daga mutumin da ka aika wa. Idan ya ga dama zai ɗauki wata waya ya ɗauki hoton allon, ko ya kwafe a takarda, ko ya kunna muryarka a tsakiyar mutane. Magana zarar bunu ce, kuma babu manhajar da ta canja wannan. Ko a Amurka, a shekarar 2014 hukumar kula da harkokin ciniki ta ƙasar ta tuhumi Snapchat da yaudarar jama'a kan iƙirarin cewa saƙonninta suna ɓacewa har abada, alhali akwai hanyoyin adana su, kamfanin kuma ya amince da sulhu.

Da farko a gyara wayar kanta

Babu amfanin sa wa saƙo wa'adin kwana bakwai idan duk wanda ya ɗauki wayar zai iya buɗe ta a cikin waɗannan kwanakin. Saboda haka matakin farko shi ne makulli. Ka sa lamba shida ko fiye, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce kuma ba ƙarshen lambar wayarka ba. Zanen da ake ja da yatsa yana da rauni, domin na kusa da kai yana haddace shi da kallo ɗaya, kuma maiƙon yatsa kan bar sawunsa a kan gilashi. Bayan haka ka shiga saitin sanarwa ka hana rubutun saƙo fitowa a allon da ke kulle, ta yadda za a ga cewa saƙo ya shigo amma ba za a ga abin da ya ƙunsa ba. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin WhatsApp da kanta ta bayyana cewa saƙo na iya ɓacewa daga cikin hira amma ya ci gaba da zama a sanarwa har sai an buɗe manhajar.

Mataki na gaba shi ne a tabbatar manhajar ta asali ce. A unguwanninmu an saba tura wa juna manhaja ta Xender ko ta Bluetooth don tsimin kiredi, kuma ta wannan hanya ce GB WhatsApp da ire-irenta suka cika wayoyi. Waɗannan ba daga kamfanin suke ba, wasu ne suka buɗe manhajar suka yi mata gyare-gyare, kuma daga cikin abin da ake tallata su da shi akwai hana saƙo gogewa da kuma adana hoton da aka aiko don kallo sau ɗaya. Idan kai ne ke da irin wannan, ka cire ta ka sauke ta asali daga Play Store ko App Store. Idan kuwa abokin hirarka ne ke da ita, to ka ɗauka cewa duk abin da ka aika masa zai zauna, komai wa'adin da ka sa. Ba laifi ba ne ka tambaye shi kai tsaye wace ce yake amfani da ita kafin ka aika masa abu mai nauyi.

Sai kuma abubuwa biyu a cikin WhatsApp ɗin. Ka shiga *Appareils connectés*, kamar yadda yake a waya mai Faransanci, ka duba ko akwai kwamfuta ko wata waya da aka haɗa da asusunka, domin ana iya haɗa na'ura har huɗu, kuma duk wadda aka haɗa tana ganin saƙonninka a lokacin da kake ganinsu. Wanda ya taɓa buɗe WhatsApp ɗinsa a kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu ya manta bai fita ba, zai same ta a nan, sai ya cire ta. Sannan ka shiga *Paramètres*, ka zaɓi *Compte*, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida ta kanka. Wannan lambar ita ce ke tare wanda ya yaudare ka ya karɓi lambar da ake turowa ta SMS don ya shiga asusunka.

WhatsApp, inda kusan kowa yake

Na fi daɗewa a kan WhatsApp ne saboda a nan ƴan uwanmu suke, daga tsohuwar da ba ta karatu amma ta ƙware a saƙon murya har ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Lome ko Kano. Tun watan Afrilu na 2016 saƙonninta a rufe suke daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, ma'ana kamfanin da ke tsakani ba ya iya karanta su, haka ma kamfanin layin da kake amfani da shi. Saƙo mai wa'adi ya zo a watan Nuwamba na 2020 da zaɓi guda, kwana 7, sannan a Disamba na 2021 aka ƙara awa 24 da kwana 90.

Ga yadda ake kunnawa. Ka buɗe hirar mutumin, ka taɓa sunansa a can sama, ka gangara har ka ga *Messages éphémères* idan wayarka da Faransanci take kamar yawancin wayoyin Yamai, ka taɓa, ka zaɓi ɗaya daga cikin wa'adin uku. Nan take wani ɗan rubutu zai bayyana a tsakiyar hirar yana sanar da ku biyun cewa an kunna, kuma alamar agogo za ta fito a jikin hoton mutumin. Abin ba a ɓoye yake ba, don haka ya fi kyau ka gaya masa dalili tun kafin ya tambaya, musamman idan babba ne ko kuma abokin zama, kada ya ɗauka rashin yarda ce. Ni da na kunna wa ƙanena cewa na yi: "Lambobin kuɗin Inna ne ba na so su taru a waya." Ya gane nan take.

Akwai ƙa'idoji da ya kamata a riƙe. Saƙonnin da aka aika kafin a kunna ba sa gogewa, sai ka bi su ka share da hannu. Lissafin wa'adi yana farawa ne daga lokacin aikawa, ko an karanta ko ba a karanta ba. Wannan yana da tasiri a wurinmu, domin idan ka sa awa 24 ka aika wa wanda ke ƙauyen da sai ya hau tudu ko ya zo cin kasuwa yake samun rezo, saƙon na iya ɓacewa bai gani ba. Ga irin wannan mutum kwana 7 ya fi dacewa. Awa 24 ta mutanen gari ce masu data kullum. Kwana 90 kuwa ya dace da hirar yau da kullum ta iyali, inda ba wani sirri ake ɓoyewa ba, ana dai so kada tarkace ya taru shekara da shekaru. Wanda yake so duk sabuwar hira ta fara da wa'adi zai shiga *Paramètres*, ya zaɓi *Confidentialité*, ya nemi wurin sa wa'adin dindindin a ƙarƙashin saƙonni masu ɓacewa, amma ya sani wannan bai shafi hirarrakin da suke akwai tun da ba.

Yanzu ga ƙofofin da saƙo ke bi ya tsira daga wa'adinsa. Idan aka tura shi zuwa wata hirar da ba a kunna wa'adi ba, can zai zauna. Idan mutumin ya ja saƙonka ya ba da amsa a kansa, guntun rubutunka da ke manne a saman amsar na iya zama bayan asalin ya tafi. Sannan tun 2023 akwai damar riƙe saƙo: mai karɓa zai danne shi ya taɓa alamar adanawa, sai ya ƙi gogewa. Sai dai a nan an ba mai aikawa iko, domin za a sanar da kai cewa an riƙe saƙonka, kuma kana iya soke riƙon, idan ka soke kuwa ba mai iya sake riƙe shi. Ka riƙa kula da wannan sanarwa.

Ƙofa mafi faɗi ita ce ajiyar kwafi, wadda wayar ke kira *Sauvegarde*. Idan wayarka ko tasa ta kai kwafin hirarraki Google Drive ko iCloud kafin wa'adi ya cika, saƙon yana cikin wannan kwafi. Kamfanin ya ce za a goge shi idan aka dawo da kwafin a waya, amma kafin nan yana ajiye a wani wuri da ba hannunka ba. Maganin shi ne ka shiga *Paramètres*, ka zaɓi *Discussions*, ka shiga wurin ajiyar, ka kunna rufaffiyar ajiya, wadda aka kawo a 2021. Za a ba ka zaɓi tsakanin kalmar sirri da mabuɗi mai lamba da harafi 64. Duk wanda ka zaɓa ka rubuta shi a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, domin idan wayar ta ɓata kuma ka manta shi, kamfanin ba zai iya buɗe maka ba.

Hoto da murya na kallo ɗaya

Ga takardu kamar katin ɗan ƙasa, fasfo, sakamakon asibiti ko rasiɗin aika kuɗi, akwai abin da ya fi wa'adi dacewa, wato *Vue unique*. An kawo shi ga hoto da bidiyo a 2021, ga saƙon murya kuma a ƙarshen 2023. Idan ka zaɓi hoton, kafin ka danna aikawa ka duba gefen wurin rubutu za ka ga ɗan da'ira mai lamba 1 a ciki, ka taɓa ta ta yi kore, sannan ka aika. Ga murya, ka danne makirufo ka ja shi sama har ya kulle, ka yi maganarka, ka taɓa wannan da'ira mai lamba 1, ka aika. Dole ne ka taɓa ta a kowane aike, ba ta zama a kunne. Mai karɓa zai buɗe sau ɗaya, da zarar ya rufe shi ke nan, ba ya shiga ma'ajiyar hotunansa, ba ya turuwa, kuma manhajar asali tana hana ɗaukar hoton allo a kansa. Idan bai buɗe ba har kwana 14, saƙon ya mutu da kansa.

Sai dai a yi la'akari da wanda ake aika wa. Idan lambar karɓar kuɗi ce mai tsawo ka karanta wa dattijuwa a muryar saurare ɗaya, ta kunna a cikin hayaniyar gida ba ta riƙe ba, ka jawo mata wahala. Abin da nake yi shi ne in kira tukuna in ce: "Inna, a nemo biro da takarda, ga saƙo nan zuwa, sau ɗaya zai buɗe." Idan kuma wanda zai karɓa yana buƙatar nuna hoton a gaban ma'aikacin ajans, to kallo ɗaya ba zai yi ba, sai a yi amfani da wa'adin awa 24.

A kan hotunan tsiraici kuwa ina da magana guda, kuma ina yin ta ne ga matasa maza da mata: kada a aika, ko da na kallo ɗaya ne, ko da wanda ya nema ya rantse. Waya ta biyu tana ɗaukar hoton ta farko cikin daƙiƙa ɗaya, kuma mun ga yadda ake amfani da irin wannan wajen tatsar kuɗi da ɓata suna bayan an ɓata.

Signal, ga magana mai nauyi

Idan maganar ta wuce lambar kuɗi, misali tsakanin likita da majinyaci, ko lauya da wanda yake karewa, ko ɗan jarida da mai ba shi labari, ni Signal nake ba da shawara. Wata gidauniya ce a Amurka wadda ba ta neman riba take gudanar da ita, kuma tsarin rufe saƙon da WhatsApp ke amfani da shi daga wurinsu aka samo shi. Bambancin shi ne Signal tana adana bayani kaɗan ƙwarai a kan wa ya yi magana da wa, kuma wa'adinta ya fi sassauci.

Ka sauke ta, ka yi rajista da lambarka ta +227, ka sa lambar sirrin da za ta nema. Ka buɗe hira, ka taɓa sunan mutumin, ka zaɓi *Messages éphémères*. Za ka ga daƙiƙa 30, minti 5, awa 1, awa 8, kwana 1, mako 1 da mako 4, kana kuma iya tsara naka. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take lissafi: a wayarka agogon yana farawa bayan ka aika, a wayarsa kuwa sai ya buɗe ya gani sannan nasa ya fara. Ke nan kana iya sa minti 5 ga mutumin da ba zai sami rezo ba sai jibi, saƙon zai jira shi, ya karanta, sannan ya tafi. Tun 2024 kuma ana iya ƙirƙirar sunan amfani a ba mutum a maimakon lambar waya. Idan kun haɗu ido da ido, ku buɗe lambar tabbatarwa da ke cikin bayanan hirar ku gwada ta wayoyin biyu, idan ta yi daidai kun tabbatar babu wanda ya shiga tsakani. Akwai saitin hana ɗaukar hoton allo a cikinta, amma wayarka kaɗai yake tsarewa, ba ya ɗaure hannun ɗayan. Matsalarta ɗaya a garinmu ita ce sai ka lallashi ɗayan ya sauke ta.

Telegram kuwa mutane da yawa suna yi mata kallon mafi sirri, alhali hirarta ta yau da kullum da ta rukuni ana ajiye su ne a kwamfutocin kamfanin, ba a rufe suke daga waya zuwa waya ba. Wanda yake son rufaffiyar hira sai ya shiga bayanan mutumin, ya taɓa ɗigo uku, ya zaɓi buɗe hirar sirri. Za ta fito da alamar kwaɗo, a cikinta ne ake sa agogo daga daƙiƙa ɗaya zuwa mako ɗaya, kuma agogon yana farawa ne bayan an karanta. Wannan hira a wayar da aka buɗe ta kaɗai take zama, kuma ba a yin ta a rukuni.

Takardar da ake buɗewa sau ɗaya ta burauza, manhajar buɗe shafukan intanet

Wani lokaci wanda za ka aika wa ba ku da wata manhaja tare, ko kuma abin da za ka aika kalmar sirri ce ta asusun ofis ko ta imel wadda ba ka so ta kwana a kowace hira. A nan ne shafuka irin su Privnote, wanda yake aiki tun 2008, da One-Time Secret suke da amfani. Kana rubuta saƙon a shafin, shi kuma ya ba ka mahaɗi, wato adireshi mai tsawo. Ka kwafe shi ka aika wa mutumin ta kowace hanya, idan ya buɗe ya karanta sai saƙon ya goge, duk wanda ya sake bin adireshin zai tarar babu komai.

A Privnote, kafin ka danna maɓallin ƙirƙira, ka buɗe zaɓuɓɓuka. Za ka iya cewa ya goge da zarar an karanta, ko bayan awa 1, awa 24, kwana 7 ko kwana 30, za ka iya ƙara kalmar sirri, za ka kuma iya sa imel ɗinka don a sanar da kai idan an buɗe. Idan ka lura da adireshin da aka ba ka, akwai alamar # a cikinsa. Abin da ke bayan wannan alama shi ne mabuɗin saƙon, kuma burauza ba ta aika wannan ɓangare zuwa kwamfutar shafin, wanda ke nufin shafin yana riƙe da kulallen saƙo ne ba tare da mabuɗinsa ba. Amma hakan yana nufin duk wanda ya sami cikakken adireshin ya sami saƙon. Saboda haka ka sa kalmar sirri, kuma ka raba hanya: adireshi ta rubutu, kalmar sirri ta kiran waya. Kada ka buɗe adireshin da kanka don gwaji, domin kai ne za ka cinye shi. Idan kuwa mutumin ya ce ya buɗe ya tarar an riga an karanta, ka ɗauka wani ya riga shi, ka canja kalmar sirrin da ka aika nan take ba tare da jiran bincike ba.

Haɗarin wannan hanya shi ne shafukan jabu. A 2020 ɗan jaridar tsaron intanet Brian Krebs ya bayyana wani shafi da ya ƙara harafin s guda a ƙarshen sunan Privnote, ya kwaikwayi kamanninsa, yana karanta saƙonnin mutane, kuma idan ya ga adireshin asusun Bitcoin, wato kuɗin intanet, a ciki sai ya musanya shi da na masu shafin. Don haka ka rubuta adireshin shafin da hannunka harafi bayan harafi, kada ka bi sakamakon bincike na farko, wanda sau da yawa talla ce. Sannan kada ka rubuta cikakken bayani a takarda guda. Idan kalmar sirri ce, ka rubuta ita kaɗai, ban da sunan asusun da take buɗewa.

Masu aikin ofis da ke amfani da Gmail suna da *mode confidentiel*, wanda aka kawo a 2018. A wurin rubuta wasiƙa za ka ga alamar kwaɗo da agogo, ka zaɓi wa'adi daga kwana 1 har shekara 5, mai karɓa kuma ba zai iya turawa ko bugawa ko saukewa ba. Yana da kyau wajen rage yawo da takarda, amma Google yana iya ganin abin da ke ciki, kuma kwafinka yana nan a cikin wasiƙun da ka aika har sai ka share. SMS kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan, domin ba a rufe yake ba, yana bi ta kamfanin layi, kuma layin da sunanka aka yi masa rajista.

Inda bai kamata a kunna ba

Na taɓa ganin ƴan kasuwa biyu sun yi cacar baki a kan bashin buhunan shinkafa, ɗaya yana cewa jika ɗari biyu ɗayan yana cewa ɗari da tamanin, aka ce a buɗe waya a duba, sai aka tarar hirar tana da wa'adin kwana 7 kuma an yi wata biyu da maganar. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma shaida ta tafi. Bashi, ciniki, hayar gida, kuɗin adashe, alƙawarin aiki, duk waɗannan ana so su zauna ne, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi. Kafin ka ƙulla irin wannan magana ta waya ka dubi hoton mutumin ko akwai alamar agogo, domin shi ma yana iya kunnawa daga nasa ɓangaren. A rukuni kuma, kowane mamba na iya kunnawa sai idan shugabannin rukunin sun taƙaita canja saiti ga kansu, don haka mai riƙe da rukunin adashe ko na ƙungiyar unguwa ya shiga saitin rukuni ya rufe wannan ƙofa.

Haka nan wanda ake yi wa barazana ko ake neman tatsarsa ta saƙo mai ɓacewa, kada ya jira wa'adi ya cika. Ya ɗauki hoton allon, idan manhajar ta hana ya ɗauka da wata wayar, yadda lambar mai aikowa da rana da lokaci za su fito, sannan ya kai ƙara. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, ta kuma kafa hukumar kare bayanan sirrin jama'a, HAPDP, amma mai bincike da abin da ka riƙe zai yi aiki. Dokar tana hawa kan mai aikawa ma: zagi ko ƙazafi ko yaɗa ƙarya ba sa zama halal don an sa musu agogo, kuma mutum ɗaya a cikin rukuni ya isa ya adana su.

Ranar da wayar za ta bar hannunka

Idan za ka kai gyara, ka cire katin layi da katin ajiya ka sa a aljihu. Idan aikin yana buƙatar a buɗe wayar, ka kulle WhatsApp da zanen yatsa, wanda ake ɗora yatsa ba wanda ake ja ba, daga cikin *Confidentialité* tun a gida, ko ka sa hirarraki masu nauyi a cikin kulallen wurin da aka kawo a 2023, sannan ka tsaya a yi gwajin a gabanka. Wasu wayoyin Samsung suna da yanayin gyara da ke ɓoye bayananka gaba ɗaya har ka karɓo, idan taka tana da shi ka kunna.

Idan kuwa sayarwa za ka yi ko kyauta, ka fara duba ma'ajiyar hotuna da jakar WhatsApp da ke cikin fayiloli, ka kwashe abin da kake so zuwa sabuwar waya. Ka fita daga asusun Google ko na Apple, ka cire katin ajiya, sannan ka shiga saitin wayar ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Bayan ta sake kunnuwa ta nuna allon zaɓen harshe, ka bar ta a haka ka miƙa. Katin ajiyar kuma kada ya bi wayar ko da mai saye ya ƙara kuɗi a kansa, domin hotunan da aka share daga irin wannan kati ana iya dawo da su da ƙaramar manhaja a kwamfuta.